Biyu Na Haifa, Ɗaya Na Faɗa

Zuwa ga Shugabar ofishin da ke raba wa yara gurbi a makarantun zaɓi na gwamnati, Greensboro.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki da ma'aikatanki baki ɗaya. Ban taɓa ganinki ba. Sa hannunki kawai na sani, a ƙasan takardar da ta iso mini makonni uku da suka wuce, wadda ta ce 'yata Balkisa ba ta samu gurbi a makarantar nan da ake koyar da yara da Sifaniyanci da Turanci ba, an sa ta a layin jira.

Sunana Zainabu, mutuniyar Maraɗi ce ni a ƙasar Nijar, shekarata goma sha ɗaya a garin nan. Ina aikin naɗe tufafi da jera su a kwali a wani sito da ke bayan titin Wendover. Da Hausa nake rubuta wannan wasiƙa, domin Turancina na cefane ne da gaisawa da direban bas, ba ya ɗaukar maganar da ta fito daga ciki. Maigidana zai mayar miki da ita Turanci, na kuma roƙe shi kada ya yi mata kwalliya. Ta Hausar kuwa za a manna ta a allon sanarwa na masallacinmu, don na san ba ni kaɗai ce zan taɓa yin irin kuskuren da na yi ba.

Abu ɗaya nake nema: Balkisa ta shiga makarantar da yayarta take. Amma kafin in kai ga ƙorafi ki yi haƙuri in fara da yabo, domin wanda bai san girman abin da na gani a makarantar nan ba zai ce matar nan ta tayar da hankalinta a kan kujera ɗaya ta 'yan shekara biyar.

Na farko, yadda muka san makarantar.

Shekara uku da suka wuce, lokacin da yayar Balkisa ta isa shiga makaranta, wata abokiyar aikina 'yar Meksiko mai suna Marisol ta miƙo mini wata takarda muna hutun cin abinci. Ni da ita ba mu da yare ɗaya, da hannu da dariya muke hira, da ɗan guntun Turancin da kowace ta tsinta. Ta nuna mini hoton ɗanta, ta nuna takardar, ta ɗaga yatsa biyu ta taɓa bakinta. Da na kai gida aka karanta mini, sai ga shi makarantar gwamnati ce, bas yana zuwa ya ɗauki yaro kamar ko'ina, amma lissafi da waƙa da labari duk da Sifaniyanci ake yi, Turanci yana biyo baya a hankali.

Da maganar ta kai kunnen mutanenmu na sha surutu. A wajen wani suna, wata Hajiya ta ajiye cokalinta ta ce mini, "Ke Zainabu, yaran da ko Hausa ba su ji, kina yi musu magana suna ce miki wat, su za ki ƙara wa Sipanish? Yaren masu yankan ciyawa da masu gini?" Wani dattijo kuma ya aiko wa maigidana cewa in dai ƙarin yare muke so, ga Larabci nan a Islamiyyar Asabar da Lahadi. Ban ce ba su da gaskiya ba, ni ma tsoron da ke raina ke nan. Na dai ce zan je in gani da idona ranar da ake buɗe wa iyaye ƙofa.

Na biyu, abin da na gani.

Ranki ya daɗe, ni 'yar lakwal ce, wato makarantar boko, na yi aji shida a Maraɗi. A makarantarmu akwai wani ƙashi, na muƙamuƙin jaki aka ce, an huda shi an zura igiya. Duk wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta shi ake rataya wa a wuya, kuma ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wanda aka tashi da shi a wuyansa, shi mushe, wato malaminmu, zai zane washegari a gaban aji. Na rataye shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, don ni bakina ba ya zama wuri ɗaya. Na kuma taɓa laɓewa na ji ƙawata ta yi tuntuɓe ta ce wayyo ƙafata, na cire da sauri na rataya mata. Har yau idan na tuna ina jin kunya. A haka na girma da sanin cewa makaranta wuri ne da ake ajiye yaren uwa a bakin ƙofa kamar takalmi, a ɗauka idan an tashi.

Da wannan sanin na tsaya a ƙofar ajin 'yan shekara biyar. Yara ne zaune a kan darduma, farare da baƙaƙe da 'yan Meksiko, malama ta tsuguna tana ƙirga wake da su a faranti, babu kalma ɗaya ta Turanci. Wata farar yarinya mai gashi kamar gemun masara ta rikice, ta juya ta taɓa yaron da ke kusa da ita. Ashe ɗan Marisol ne. Yaron da uwarsa ke naɗe riga a gefena, wadda shugaban aikinmu ke ɗaga wa murya sai ka ce kurma, shi ne ya gyara zama ya nuna wa 'yar Bature yadda ake faɗa, malama ta sa aka tafa masa. Na nemi bango na jingina, na ja mayafi na rufe fuska, ina kuka a makarantar mutane, har wata ma'aikaciya ta kawo mini ruwa tana zaton ciki ne da ni. Ban taɓa tunanin akwai gwamnatin da za ta gina aji, ta ɗauki malama, ta zuba wa bas mai, yaro ya zo ya tarar cewa abin da uwarsa ke faɗa a kicin shi ma ilimi ne. Har yau abin bai daina ba ni mamaki ba. Duk safiyar da na ga bas ɗin nan mai ruwan ɗorawa ya shawo kwana, sai na yi wa wanda ya kawo shawarar addu'a, ko wane ne shi.

Abin da Hajiya ta ji tsoro kuwa, akasinsa ne ya faru. Mun sa yayar Balkisa a makarantar, sai ga yarinyar da ke amsa mana da Turanci ba ta yi wata shida ba ta fara tambaya, to mu da Hausa yaya ake cewa kaza? Malamarsu ta ce kowa ya kawo gaisuwar gidansu. Aka gayyaci Yaya Rabi, wadda zan yi miki bayaninta yanzu, ta ci ado ta je, ta dawo tana dariya tana share hawaye, wai aji guda sun haɗa baki sun ce mata ina kwana, har da 'ya'yan Turawa. Yanzu yarinyar nan tana lissafi da Sifaniyanci, tana faɗa da Turanci, tana roƙon ƙarin tuwo da Hausa. Idan aka kira kakarta a Maraɗi da katin waya, yarinyar ce ke cinye mintocin.

Balkisa kuwa tun tana goye a bayana take raka yayarta bakin bas. Duk yamma suna zaune a matakalar gininmu, babbar ta zama malama, ƙaramar ta zama aji guda ita kaɗai. Ta iya ƙirga har ashirin, ta san launuka, ta san waƙar da ake yi kafin a wanke hannu. Ta riga ta zaɓi kujerar da za ta zauna a bas. Ba wanda ya taɓa ce mata wataƙila, don mu ma ba mu san akwai wataƙila ba.

Na uku, ko wace ce yayar Balkisa a wurina.

Za ki lura tun da na fara ban kira sunanta ba. Ba mantuwa ba ce, sunan yana cikin fayil ɗinku. 'Yar farina ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna nata ne. Kunya ce muka gada, ba ƙi ba ne. Uwata ba ta taɓa kiran sunan babban wanmu ba har ya yi furfura, amma idan ya yi zazzaɓi ita ce ke kasa cin abinci.

Sannan akwai riƙo. Yaya Rabi yayar maigidana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riga mu zuwa ƙasar nan, da sana'ar kitso ta tsaya da ƙafarta, ita ta tarbi ƙanenta, ita kuma ta je filin jirgi ta ɗauko ni ina amarya, ko murhun nan ban san yadda ake kunna shi ba. Mijinta ya rasu, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Da aka yaye 'yar farina, maigidana ya ɗauke ta da kayanta ya tsallaka filin fakin motoci ya kai wa yayarsa. Ba wanda ya ƙwace mini ita, da yardata aka yi, haka ake yi a gida. Da za a sa ta makaranta muka je kotu a cikin gari aka yi takarda, aka rubuta Yaya a matsayin mai riƙonta, da adireshin Yaya, domin can take kwana, mu kuma ba mu so mu yi wa hukuma ƙarya. Tsakanin ƙofata da ƙofar Yaya taku arba'in da biyu ne, na ƙirga bayan takardarki ta zo. Mafi yawan kwanaki tukunya ɗaya muke ci. Sai dai gininta da namu kowane da lambarsa.

Na huɗu, kuskurena, kuma na ɗauke shi.

Da aka buɗe karɓar fom na bana muka cika wa Balkisa. An sanar da mu cewa yaron da ɗan'uwansa ke makarantar ana ba shi fifiko kafin a jefa ƙuri'ar raba gurbi, sai na sa alama a wurin, maigidana ya rubuta sunan yayarta. Na ɗauki hutun rabin yini, muka hau bas ni da Yaya zuwa tashar cikin gari, muka sake wani zuwa ofishinku. Ma'aikaciyar da ta karɓa ta duba kwamfuta, ta ga sunan Yaya a kan yarinya ɗaya, nawa a kan ɗayar, sai ta ɗago ta tambaye ni 'ya'ya nawa gare ni.

Ranki ya daɗe, na ji tambayar sarai, na kuma fahimce ta. Kada a ɗora wa Turanci laifin da ba nasa ba. Yaya tana tsaye a kafaɗata, matar da ta yi shekara shida tana wanke wa yarinyar nan kai, tana kai ta asibiti, tana barin kan mutum rabi a tsefe don ta halarci taron iyaye. A gabanta zan buɗe baki in ce biyu? Na sunkuyar da kai na ce ɗaya. Ma'aikaciyar ta juyo mini da fom ɗin, ta ɗora yatsa a kan sunan babbar, ta ce wannan fa? Na nuna Yaya da haɓa na ce tata ce. Yaya ta yi murmushi, ma'aikaciyar ta rubuta, muka fito muna jin daɗinmu, har muka tsaya a hanya muka sha lemo. A zatona ladabi na yi, ashe da bakina na soke wa 'yata fom.

Na biyar, abin da aka gaya mini da na koma.

Da takardarki ta zo na koma ni kaɗai, da takardun haihuwa biyu, kowace da sunana a layin uwa. Wani ma'aikaci ya karɓa ya duba, ya kuma yi mini magana cikin ladabi, ba zan yi masa ƙage ba. Abu biyu ya faɗa. Ya ce a rubuce yake cewa ni da kaina na ce 'ya ɗaya gare ni, kuma sun sha ganin masu aron ɗan dangi don su tsallake layi. Bai ce ina cikinsu ba, amma ya kalle ni ta saman tabarau, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na je har kotu don gudun ƙarya, ni ce yau ake auna maganata.

Na biyun ya fi zafi. Ya ce ko an yarda ni na haife su, ƙa'ida ta ce 'yan'uwan da ke zaune gida ɗaya a hannun mai kula ɗaya. Sai ya nuna mini hanya, kuma na san da kyakkyawar niyya ya yi: a soke takardar riƙo, babbar ta dawo gidana da zama, a kawo shaida kafin a rufe gyaran layi a ƙarshen watan nan, shi ke nan Balkisa ta shiga. Ya ce abu ne mai sauƙi, fom ɗaya ne.

Fom ɗaya ne a teburinsa. A wurinmu kuwa ma'anarsa in je in ƙwanƙwasa ƙofar matar da ba ta da kowa a ɗakinta sai yarinyar nan, in ce ba ni abata. Wasu sun ba mu shawara mu canza a takarda kawai, yarinya ta ci gaba da kwana inda take, wa zai zo ya leƙa? Maigidana ya ce ba zai sa hannu a kan ƙarya ba. Ni ma ban so 'yata ta shiga makarantar da nake ganin girmanta haka ta ƙofar baya ba.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Makarantar da ta gane cewa yaro zai iya ɗaukar yare biyu bai rikice ba, ofishinta ya kasa gane cewa yarinya za ta iya samun uwa biyu. Malamar ajinsu kuwa tuni ta gane. Duk ƙarshen zango takardar sakamako biyu take bayarwa, ɗaya ta Yaya ɗaya tawa, kuma ba wanda ya roƙe ta. Ta dai lura ne cewa mata biyu ke zuwa, ɗaya tana tambaya, ɗaya tana tsaye a baya tana kallon ƙasa.

Na shida, abin da ya sa na kasa yin shiru.

Mun ɓoye wa Yaya abin da aka ce, amma magana ba ta ɓuya ga mai shagon kitso. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, ina tsaye a taga sai na hango ta tana tsallako filin fakin, akwati a hannu, jakar makaranta a kafaɗa, yarinyar tana biye da ita tana jan ƙafa. Ta shigo ta ajiye a tsakar ɗaki, ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Zainabu, ga amanarku. Na ninke mata komai. Maganin asmarta yana aljihun gefe, kuma ba ta cin ƙwai da albasa, kin dai sani. Gobe a kai ni kotun in sa hannu. Ba zan zama sanadin da Balkisa za ta rasa sukul ba." Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ɗankwalinta a karkace yake, Yaya kuwa ko shara za ta zubar sai ta duba madubi. Kuma ranki ya daɗe, maganar albasar nan ban sani ba.

Babbar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya da Turanci me ta yi aka kore ta. Balkisa ta fashe da kuka ta ce ita ta fasa makarantar, yarinyar da ta yi shekara uku tana jiran bas. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa musa wa Yaya magana ba, amma ranar na ɗauki akwatin na wuce ta gabanta, na mayar da shi ɗakinta, na jera kayan a durowa da hannuna. Ta biyo ni tana faɗa, ina jerawa. Har yanzu ba ta huce ba, ta kuma rantse za ta nemi wanda zai kai ta ta soke takardar, ko da ni ko ba da ni ba.

Saboda haka ga roƙona.

Ina roƙo a buɗe fayil ɗinmu a gyara abin da na faɗa. Biyu na haifa. Ga shi na rubuta, za a kuma manna shi inda duk matan da na sani za su karanta su riƙe baki. Idan akwai wani rubutu da ke nuna ana zarginmu da aron yarinya, a goge shi.

Ina roƙo a ɗauki Balkisa a matsayin ƙanwar ɗalibarku, domin ƙanwarta ce, ciki ɗaya. Ban ce a tayar da ɗan kowa daga kujerarsa ba, uwar kowa tana so kamar yadda nake so. A dai mayar da ita inda ya kamata ta tsaya tun farko, da bakina bai yi mata ɓarna ba.

Ina roƙo a ƙara layi ɗaya a fom, a raba wa ya haifa da wa ke riƙo, kuma idan za a tambayi mace irinmu yawan 'ya'yanta, a tambaye ta ita kaɗai. Ku kuma 'yan'uwana mata da za ku karanta wannan a masallaci, kunya tana da wurinta, amma teburin ofis ba ya jin ta. Idan an tambaye ku, ku ƙirga duka, ku ba surukai haƙuri a gida.

Roƙona na ƙarshe ya fi sauran nauyi. Idan ƙa'ida ta ɗaure miki hannu, ba za ki iya ba Balkisa gurbin ba sai an raba yayarta da mai riƙonta, to na haƙura da gurbin. Za ta je makarantar unguwa, ni zan zaunar da ita in gaya mata da bakina, in kuma gaya mata laifin nawa ne. Amma cikin kwanakin nan wata doguwar dattijuwa za ta iya zuwa ofishinku da takarda daga kotu, za ta yi murmushi ta ce da yardarta ta sa hannu. Don Allah kada ku karɓa. Ku ba ta kujera, ku ce ta jira, ku kira ni a wurin aiki, zan bar komai in zo in tafi da ita gida.

Allah ya ƙara wa makarantar nan albarka, ya saka wa malamanta da alheri, ya raya yaran da ke cikinta, namu da na kowa. Allah ya ba ki lafiya da basira a kan wannan aiki, ya raya miki naki, ya kuma tsare ki daga ranar da za a miƙo miki biro a ce ki zaɓa tsakanin mutum biyu da kike ƙauna.

Wassalam.

Taki cikin girmamawa,
Zainabu, Maman Balkisa.